Bindigar Modu Mai Hula

Da na dawo gida daga karatu a 1955, ban yarda a sa wa tsohuwar bindiga wuta ba. A ganina, a rataye ta a bango ya ishe ta. Ta Baba Modu ce ta sa na sassauta.

Modu Babarbare ne haifaffen Fagge, ɗinkin hula ne abincinsa. Bindigar mai baki biyu ta kakansa ce, daga Barno ta zo. An harba ta ran sunan ubansa, an harba ran nasa. Da 'yarsa Yakaka ta haifi namiji, ya ce lallai sai ta yi magana ran suna. Matarsa Gumsu ta ce, in ta fashe ta tafi da yatsunsa, da me zai riƙe allura?

Ya naɗe ta a tabarma, sai Sabon Gari wurin Boniface mai gyaran keke, wanda ya yi aikin bindigogi a soja.

"Saja, ina ake samun harsashin kanti?"

"Malam Modu, ka gaji da hannunka ne?"

Boniface ya goge bututun da mai, wani zane ya fito kamar murɗaɗɗiyar igiya. "Ka gani? Ƙarfe aka nannaɗa, aikin da. Harsashin zamani tsaga ta zai yi. Baƙin albarushi kaɗai, shi ma kaɗan, ba dalma."

Ya ɗaga bututun biyu ya leƙa cikinsu a hasken rana. Na dama fes, na hagu tsatsa ta ci shi rami-rami. Ya cire kunamar hagun ya jefa aljihu.

"Saja, ka mai da ita mai ido ɗaya!"

"Gara ita da kai."

Suka fita bayan layin dogo, suka ɗura mata baƙin albarushi kaɗan, suka ɗaure ta a tsohuwar taya, suka sa wa kunamar doguwar igiya, suka laɓe bayan bishiyar kuka. Modu ya yi bismilla ya ja. Daram! Hayaƙi ya turnuƙe, awaki suka watse. Boniface ya sake duba bututun, ko tsaga babu. Modu ya kama rawa riƙe da hula.

Ran suna ya ɗaga bakinta sama ya harba, mata suka rangaɗa guɗa. Gumsu ta kama hannunsa ta duba yatsun ɗaya bayan ɗaya, sannan ta yi dariya.

Na tambaye shi ko bai ji takaicin baki ɗaya da ya yi shiru ba.

Ya ce, "Ɗaya ya sanar da unguwa. Ni kuwa hular jikana nake son ɗinkawa."