Itacen Japan Mai Ƙanshin Lemo

Ko na tsufa na manta sunan unguwarmu, ba zan manta ranar da muka yi wa itace ɗinki ba. Lokacin ina kula da lambun wani attajiri a unguwar Sharafiyya, can ƙasar waje inda na je ci-rani, shi ne kuma kafilina, wato wanda ya tsaya mini na zauna a ƙasar. Jirgin ruwa ya kawo masa ɗan itacen ado daga Japan a cikin tukunya, wai sunansa dogud, mai farin fure. Ya ce mini, "Ya ammi," wato baffa, "wannan ba ya son zafi. In ya mutu, halas, shi ke nan, mun rabu." Ga iƙamata, takardar izinin zamana, a hannunsa.

Na shiga renon itace kamar jariri. Na yi masa rumfa, ina zuba masa ƙanƙara a gindi, ina yi masa fifita, ni kuwa gumi na tsiyaya. Da sanyi ya shigo maigida ya yi tafiya, sai ganyen ya yi ja, ya zube tas. Ni dai tun da nake, itatuwan lambunmu ba su taɓa yin tsirara haka ba. Na koma gida na ba da labari, na zauna na yi tagumi.

Matata ta ce, "Malam, a kan ganye za ka zauna kana tagumi? Tashi mu je, ɗauko mini allura."

Muka tsinko ganyen lemo, ta bi reshe-reshe tana ɗinkawa da koren zare, ina riƙe mata. Wallahi ya yi kyau.

Washegari maigida ya dawo, ya jawo baƙi lambu. Ya tsaya ya ce, "Masha Allah! An gaya mini da sanyi duk ganyensa zubewa yake, amma nawa ya ƙi!" Wani dattijo cikinsu ya murza ganye ya shaƙa, ya ce, "Ajib, itacen Japan ma ƙanshin lemo yake yi?" Ya ja ganyen, zare ya biyo shi zarara.

Maigida ya dube ni, ya dubi zaren, ya yi dariya har ya zauna a ƙasa. Ya ce, "Yalla, ku kwance masa rigar, barci yake yi." Bai kore ni ba, sai dai tela ya riƙa kirana har muka rabu.

Daga nan na koyi cewa abin da ban sani ba, tambaya ta fi dabara sauƙi.