Ƙwaryar da Habu bai karɓa ba

Shekara bakwai ke nan da aka kai yayana Arzika makwancinsa a Matankari, amma har yau in na ji mutum ya ce ya ga Nijar alhali Yamai kaɗai ya taka, sai in ji tsakin Yaya a kunnena.

Direba ne, ya fi shekara ashirin yana ɗaukar baƙi daga Yamai. Baƙo zai ce a kai shi Maraɗi, sai Yaya ya bar kwalta a Dogon Dutsi ya kawo mana shi gida. Ni ce mai ɗauko ƙwarya. A wurinmu ba a tambayar baƙo abin da ke tafe da shi sai ya sha ruwa. "Kurɓa, ko kaɗan ne," in ji Yaya. "Kwana bakwai kana otal, ba ka sha ruwan gidan kowa ba, ƙasar wa ka gani?" Sau biyu ana korarsa daga aiki kan wannan taurin kai, bai daina ba.

To ga abin da ke cin raina. Ɗansa guda, Habu, da aka kai lakwal, wato makarantar boko, a Yamai tun yana ƙarami, shi ma yanzu yawo yake da baƙi. Wai ya gaji ubansa. Ya nuna musu kogi da gada da dogayen benaye, su ci gasasshen kifi, ya ɗora hoto a waya ya rubuta "Ga Nijar". Ga Nijar! Mutanen Ɗan Kassari da Kore Mairuwa da ke noma hatsin da ake ci fa, su 'yan ina ne? Ban ƙi Yamai ba, can aka yi mini aikin ido, na gode Allah. Amma ita ma gari ce cikin garuruwa.

Ranar sadakar arba'in ɗin Yaya na miƙa wa Habu ƙwaryar nan. Ya ɗaga gorar roba ya ce, "Gwaggo, ina da nawa." A gidan ubansa! Na haɗiye fushina saboda idon jama'a. Tun daga nan sau ɗaya ya leƙo mu. Kullum aiki, kullum hanya, alhali motar kasuwa ba ta fasa zuwa ba. Da Yaya na raye ba zai tsaya surutu ba, mota zai tayar ya kwaso jikokinsa.

Sallar bana Habu ya ba ɗiyarsa Nana waya mu gaisa, shekararta tara. Na ce, "Yaushe za ki zo Matankari?" Ta ce, "Kaka, Matankari cikin Najeriya take?"



Me ya rage na Yaya? Ƙwaryarsa na nan bisa randa, ina wanke ta kowace safiya. Cikin baƙin da suka sha da ita akwai masu aiko gaisuwa har yau, daga ƙasashen da ban iya faɗin sunansu ba. Jikarsa ce ba ta san ɗanɗanon ruwanmu ba.