Wayar Marigayi a Cikin Kwali

Har gobe ban manta da ranar da Inna Hajara ta zo mini daga Pauwa ba. Lokacin ina ƙaramin ma'aikaci a wani kamfanin sayar da wayoyi, an turo ni Ƙanƙara da tsarin "kawo tsohuwa, ɗauki sabuwa". Ku sababbin shiga, ga yadda ake yi: mutum ya ajiye tsohuwar wayarsa, a rage masa farashin sabuwa. Tsofaffin mu zuba a kwali mu manna hatimi, motar kamfani ta biyo ta Sabuwa da Faskari ta kwashe zuwa babban ofis, can a goge duk abin da ke ciki. Wai don a kare sirrin jama'a.

Da hantsi ta iso, ko takaba ba ta gama ba. Ta ce jiya ƙanen mijinta ya kawo mini wayar marigayin ya yi musaya. Na tuna shi sarai, har barkwanci muka yi.

"Ɗan nan, Malam bai iya rubutu ba," in ji ta. "Da ciwo ya tsananta, ya sa aka ɗauki muryarsu shi da ƙanen nashi. Da bakinshi ƙanen ya amsa gonar fadama ta Malam ce. Yanzu shina cewa aro ya ba shi. Marayun ga ba su da shaida sai muryar."

Kwalin na ƙarƙashin teburina, ƙafata na taɓa shi. Na kira manajanmu.

"Yallaɓai, a ba ni izini in buɗe, in tura mata muryar in mayar."

"Wa ya kawo wayar?"

"Ƙanen mijin."

"To shi ne kwastomanmu, shi kaɗai zai iya neman ta. Ka ɓalle hatimin nan, a bakin aikinka."

Na roƙe shi a ware kwalin har ta zo da mai unguwa. Ya ce to, zai duba. Ashe dubawar tasa direba ya kira, ya ce ya fara da Ƙanƙara. Kafin Inna Hajara ta dawo da dattijon a kan acaɓa, mota ta zo ta ɗauki kwalin ta kama hanya. Ba ta yi kuka ba. Ta dubi ƙarƙashin teburin, ta ce, "Allah na nan," suka juya.

Bana ma ƙanen ne ya shuka masara a fadamar. Ranar kasuwa yakan wuce da sabuwar wayar a kunne, har ya ɗago mini hannu. Wallahi raina ɓaci yake.

Kamfani ya san kuɗin batir da gilashi, bai san abin da talaka ke ajiyewa a waya ba, bai kuma damu ya sani ba. Shi ya sa in an miƙo muku tsohuwar waya, kafin ku duba ko tana kamawa, ku tambaya: mai ita yana raye?