Mai Makullin Ruwa

Tun yana saurayi ya shiga hukumar ruwa a matsayin lebura mai haƙa rami, kuma har furfura ta cinye masa kai bai taɓa shiga ofis ba sai in an kira shi a yi masa faɗa. Aikinsa ɗaya ne. Ya saɓa wani dogon ƙarfe mai hannu biyu a kafaɗa, ya bi unguwa-unguwa, ya ɗaga murfin ramin da ke bakin titi, ya zura ƙarfen ya murɗa kan babban bututu. In ya murɗa nan ruwa ya zo, in ya murɗa can ya ɗauke. Shi ya sa kowa ke ce masa Mai Makulli, har matarsa in ta so tsokana. Kafaɗarsa ta dama ta yi kanta, ta ɗan karkace, ko daga nesa ka hango tafiyarsa ka san shi ne.

Mutum ne marar gaggawa, har abin yakan ba mutane haushi. In zai buɗe ruwa sai ya murɗa kaɗan, ya kara kunne a jikin ƙarfen, ya yi shiru kamar mai sauraron gulma, sannan ya ƙara. Bututan garin sun girme shi, kuma in sun daɗe a bushe iska ce cike da cikinsu. Ka sako musu ruwa gaba ɗaya su fashe. Mata suna tsaye da bokitai suna yi masa tsiya, "Baba, ko sai mun haihu tukuna?" Shi kuwa sai dariya. Da wannan ƙarfen ya aurar da 'ya'yansa, kuma duk gidan da ya wuce sai an ce ya tsaya ya sha ruwa, ya ce ai nasa ne.

Da aka yi sabon Magajin Gari, ogansu na hukumar ruwa ya kira Mai Makulli ya ce ya rufe ruwan unguwar da yake zaune, za a yi gyara. Ya rufe. Aka kwana, aka wuni, wata ya mutu wani ya kama, ko mai shebur ɗaya ba a gani ba. Abin da aka gani manyan tankoki ne masu shuɗin fenti, suna sayar da ruwa jarka-jarka, ruwan ma wani lokaci ja-ja da shi. To, ruwa ba ya tsami banza. Ana nan sai wani kansila ya shiga rediyo ya ce kamfanin tankokin da sunan ƙanin matar Magajin Gari yake, kuma Magajin Garin da hannunsa ya ba shi izinin sayarwa. Magajin Gari ya ce hassada ce, shi bai ma san surukinsa na sana'ar ruwa ba.

Magajin Gari dai yana bayan katanga da masu gadi. Wanda ake gani kullum da ƙarfe a kafaɗa shi ne Mai Makulli, sai aka bar jaki aka koma dukan taiki. Aka daina amsa gaisuwarsa. Aka jefi ƙofarsa da dutse har langa-langar ta lotsa. Matarsa ta dawo daga layin tanka da mayafi a yage.

"Malam, ka buɗe ruwan nan," in ji ta. "Yau cewa aka yi da mu ake raba kuɗin tankokin."

"In na buɗe ba umarni, aikin ya tafi, fansho ya bi shi. Me za mu ci?"

"To mu ci mutuncinmu, tunda shi ya rage."

Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, don ya san gaskiya ta faɗa. Abin da ya fi ci masa rai shi ne Mai Walda, maƙwabcinsa, abokinsa tun suna yara. Jikar Mai Walda ta sha ruwan tanka, amai da gudawa suka ɗauke ta. Da Mai Makulli ya je gaisuwa, abokin nasa ya kau da kai, ya bar shi da hannu a miƙe.

Washegarin sadakar uku, da hantsi, ya ɗauki ƙarfensa ba wanda ya aike shi. Ya riga ya yanke shawara, in kora ce a kore shi, amma yau sai ruwa ya zo unguwar nan. Sai dai bai gaya wa kowa ba, kuma nan ya yi wauta. Yana fitowa ya ci karo da taron jama'a sun nufo gidansa, Mai Walda a gaba da guntun rodi a hannu. Kafin ya buɗe baki wani ya shaƙe masa wuyan riga, wani ya kwaɗa masa mari ta baya. Suka ja shi a ƙasa har bakin ramin, gwiwoyinsa suna zubar da jini.

"Buɗe, munafuki!"

"Wallahi abin da na fito yi ke nan," ya ce. Ba wanda ya yarda.

Ya durƙusa, ya zura ƙarfen, ya murɗa kaɗan, ya kara kunne. Can ƙasa ya ji iska ta fara huci. Ya ɗaga hannu alamar a dakata.

"Me kake jira?" in ji Mai Walda.

"Bututun a bushe yake. A bi shi a hankali, don girman Allah."

Daidai nan wata mota buɗaɗɗiya ta karyo kwana, cike da yaran Magajin Gari, da adduna da gorori. Wani direban tanka ne ya kira su. Sai wata murya ta tashi daga baya, "Jan mu yake da wasa har su iso! Shi ya kira su!"

Mai Walda ya dube shi, idonsa jawur. "Ashe har da wannan?"

"Haba, aboki. Ni ne fa."

Rodin ya sauka a kan hannunsa na dama, inda ya riƙe ƙarfen. Ya ji ƙarar ƙashin kafin ya ji zafin. Aka sake sauke masa, yatsun suka watse. Wani ya tokare shi a ƙirji ya faɗa gefe, ƙattai suka kama makullin ta hannu biyu suka yi ta juya shi da gudu kamar masu niƙa. Yana kwance yana ihu, "Ku tsaya! Zai fashe!" amma ihun jama'a ya danne nasa.

Ƙasa ta yi gurnani. Can gaban shagon tela kwalta ta tsage, ruwa ya yi tsiri sama da duwatsu, wani dutsen ya fasa goshin wata mata. Yaran Magajin Gari suka diro cikin taron suna sara ba tambaya. Mutanen unguwa suka mayar da bulo da katako. Aka kifar da motar, aka cinna wa wata tanka wuta, direban ya tsira da rabin kunne. An sari Mai Walda a kafaɗa, ya faɗi kusa da abokinsa, ruwan da suka yi wata da watanni suna nema yana bi ta kansu, jajir da jini, yana gangarawa kwata. Da ƙyar matar Mai Makulli ta kutsa ta ja mijinta da ƙafa zuwa wani zaure.

Ga Magajin Gari kuwa, faɗuwa ta zo daidai da zama. Da yamma ya shiga rediyo da murya mai sanyi, ya ce ga shi nan, dama ya faɗa bututun na bukatar gyara, yanzu ɓata-gari sun ƙarasa shi tare da wani ma'aikaci marar amana, wanda tuni aka sallama. Gyaran zai ɗauki lokaci, in ji shi, amma don tausayin talakawa za a ƙaro tankoki. Maganar kansila kuwa ba a sake jin ta ba.

A asibiti aka yanke yatsu uku. Da aka dawo da shi gida zazzaɓi ya rufe shi, leɓɓansa suka bushe suka tsage. Ba maƙwabcin da ya leƙo. Matarsa ta ɗauki jarka ta fita, ta daɗe, ta dawo. Ta tace ruwan da gefen mayafinta, ta zuba a kofi, ta tallafo kansa.

Ya dubi kofin. "Na ina ne?"

"Na ina kuwa zai zama, Malam, in ba na tanka ba?"

Ya kau da kai, hawaye na bin gefen fuskarsa zuwa kunne. Ba ta janye kofin ba. Can ƙishi ya fi ƙarfinsa, ya juyo ya shanye, ya ce ta ƙaro.