Libarbar da Velile Ya Wanke

A shekarar 1961 Velile Dyantyi ya fara sanin Nozibele, ranar da aka ɗauke shi share-share a gidan wani Bature, Dokta Maartens, da ke garin Fort Beaufort. Ita ce mai girkin gidan, gwauruwa mai kaifin baki.

"Kai ne ɗan makarantar mishan ɗin?" in ji ta. "To ajiye Turancinka a bakin ƙofa, Bhuti, ɗan'uwana, tsintsiya ba ta jin sa."

Likitan ba ya da 'ya'ya sai bindigogi. Tsofaffin libarba na soja yake tarawa, irin waɗanda ake ɗura wa albarushi da dalma, a kafa musu 'yan hulunan tagulla kafin su tashi. Suna jere cikin wani dogon kabad na jan katako. Wadda ya fi ji da ita ta wani hafsa ce da ya yaƙi kakannin Velile a tsaunukan Amathole.

Wata Asabar likita ya manta ta a kan tebur. Velile ya gan ta baƙi ƙirin, ya ce a ransa wannan ai ƙazanta ce. Ya ɗebo toka da lemon tsami, ya dirje ta yadda uwarsa ke dirje tukunya, har tana ɗaukar ido.

Da likita ya dawo ya gan ta, sai ya daka tsawa.

"Wane jaki ne ya wanke mini shekara ɗari? Baƙin nan shi ne darajarta!"

Velile ya daskare. Matarsa na da ciki, kuma a wancan zamani baƙin mutum in ya rasa aiki, ya rasa takardar zama a gari.

"Ni ce, Baas, maigida," in ji Nozibele daga ƙofar kicin. "Na ga ta yi datti."

A ranar likita ya kore ta. Tana ƙulle kayanta Velile ya same ta. "Sisi, 'yar'uwata, bari in je in faɗa masa."

"Rufe min baki, sakarai. Ni wa zan bari yana kuka? Ka dai koyi barin datti inda masu shi ke son sa."

Hukuma ta kwashe ta a mota zuwa Dimbaza, inda ake jibge baƙaƙen fatar da aka kora daga gari, nesa da kabarin mijinta.

Velile ya zauna. Ya koyi shafa mai da gashin tsuntsu, ya yi furfura yana lallashin ƙarfen da ya kashe danginsa. Bai taɓa faɗa wa likita gaskiya ba. Duk Kirsimeti yakan je wa Nozibele da shayi da sukari, ita kuwa ba ta fasa tsiya ba: "Yaya 'ya'yan likita, suna ƙoshi?" Sau ɗaya kawai ta yi maganar da ba wasa, ta ce tana tsoron a binne ta cikin bargo a ƙasar da ba ta san kowa ba.

Likita ya mutu a 1993. 'Ya'yan ƙaninsa suka kai bindigogin gwanjo a Johannesburg, suka ce wa Velile ya ɗauki kabad ɗin, ladan amanarsa. Fanko.

Da daminar shekarar Nozibele ta cika. Velile ya ciro gilasan kabad ɗin, ya ɓamɓare katakon, ya auna, ya yanke, ya haɗa akwatin gawa, ya shimfiɗa masa koren ƙyallen da libarbobin suka kwanta a kai. Ya ari motar coci ya ɗauko ta, ya haƙa ramin da hannunsa kusa da mijinta.

Limamin cocin ya shafa akwatin ya ce, "Tata, babanmu, ina ka samo katako haka?"

"Na wani gida ne da ta yi wa aiki," in ji Velile, ya ɗauki shebur.