Ranar da Na Mayar da Agogo Baya Abokina Yana Tsakiyar Teku

Shekarun baya, ranar Lahadin ƙarshe ta watan Oktoba, da ƙarfe biyar na yamma daidai, ina zaune a ɗakin ƙasa na gidana da ke Beltsville, kusa da birnin Washington, gaban na'urar rediyo ta magana, tare da matata da kuma matar abokina. Muna jiran muryar mutumin da yake can kudancin tekun Atilantika shi kaɗai, cikin jirgin da iska ke turawa. Wannan ya faru ne a tsakiyar shekarun 1980.

Abokin nan nawa Ba'amurke ne, maƙwabcina, kuma mun yi aiki a ma'aikatar bincike ɗaya, inda nake injiniyan lantarki. Ya shiga gasar zagaya duniya a jirgin ruwa, wadda dokarta ita ce mutum ɗaya tak a jirgi. Ni da na girma a kan duwatsun Filato, ban taɓa gane abin da zai raba mai hankali da ƙasa mai tauri ba, kuma na faɗa masa haka. Ya yi dariya ya ce, "Hedimasta, kai dai riƙe mini rediyo." Hedimasta yake kirana, domin har wasiƙunsa nakan gyara masa. A makarantar mishan da na yi, in aka buga ƙararrawa sai a rufe ƙofa, wanda ya makara ya kwana da yunwa, kuma da wannan tarbiyya na tsufa.

Mun shirya cewa kullum zai kira ni da ƙarfe tara na dare agogon GMT, wanda shi ne agogon da masu tafiya a teku ke bi. Tun a watan Agusta na yi lissafi, na ga ya yi daidai da ƙarfe biyar na yamma a nan. Na rubuta "ƙarfe biyar" a shafin farko na littafina da kyakkyawan rubutu, na ja layi biyu a ƙarƙashi. Wata biyu ban makara ko da daƙiƙa ɗaya ba.

Ranar Asabar ya ba ni mummunan labari. Wata babbar igiyar ruwa ta kwantar da jirgin, ta tafi da na'urar da ke nuna wa masu shirya gasar inda yake, ruwan gishiri kuma ya shiga janaretan da ke cika masa batir. Ya kwance shi, ya wanke, ya shanya, amma wayoyi huɗu sun rage a hannunsa, bai san wadda za ta koma ina ba. In ya haɗa ba daidai ba, janaretan zai ƙone. Zanen haɗin kuwa yana ofishina.

"Gobe zan karanta maka shi tiryan-tiryan," na ce. "Kada ka taɓa kome."

"To, ranka ya daɗe. Amma minti goma kawai zan riƙa kunna rediyon. Batirin ba zai wuce kira biyar ko shida ba. In ya mutu, ba fitila, ba rediyo, ba abin da zai riƙe mini akalar jirgi in yi barci."

Da safiyar Lahadi, kafin mu tafi coci, na yi abin da kowa a ƙasar nan yake yi a wannan rana: na mayar da agogo baya da awa ɗaya, kamar yadda doka ta tanada duk shekara in hunturu ya gabato. Na bi gidan ɗaki-ɗaki, har na ɗakin ƙasa ban bari ba, domin ba na jure agogo biyu su saɓa wa juna a gidana.

Ƙarfe biyar ta yi, zanen yana shimfiɗe a gabana. Na kira, babu amsa sai shuuu. Na kira har shida ta gota. Matar abokina ta riƙe jakarta da hannu biyu, ta ce, "Ko batirin ne ya riga ya mutu?" Na ce mata yanayin sama yakan hana murya wucewa, gobe za mu ji shi.

Litinin shiru. Na hau rufin gida na duba eriya, na bi kowace waya da na'urar gwaji, ban sami aibi ba. Masu shirya gasar suka nemi sauran masu rediyo su taya sauraro, suka tambaye ni lokacin. Na ce ƙarfe biyar agogon Washington. Haka mutane da dama suka zauna tare da ni suna sauraron iska.

Ranar Talata wani ɗan jarida da ke bin labarin gasar ya zo gidana, saurayi ne mai taunar cingam. Ya dubi na'urorina ya ce, "Yallaɓai, ba zai yiwu matsalar daga wajenka take ba?"

Na cire tabarau na dube shi. "Samari, tun kafin a haife ka nake wannan aiki. Ban taɓa makara ba a rayuwata."

Washegari jaridar ta fito da hoton jirgin, da manyan haruffa cewa mutumin ya ɓace a teku. Suka zana taswira da alamar tambaya a tsakiyar ruwa. Motar gidan talabijin ta tsaya a layinmu. Mahaifiyar abokina, tsohuwar da aka ɓoye wa maganar saboda ciwon zuciya, a talabijin ta ji. Ni kuwa na daina cin abinci. In na ɗaga kofin ruwa sai in ga mutum a cikinsa yana ɗaga hannu. Abin da ya fi cina shi ne ni na ce masa kada ya taɓa kome. Na san halinsa: zai jira ni, ko da jiran ne zai kashe shi.

Ranar Alhamis da misalin ƙarfe tara na safe, matata, wadda nas ce, tana ƙoƙarin samun ƙanenta a waya a ofishinsa da ke Jos kafin ta tafi asibiti. Tana juya lambobi tana mita.

"Bari in yi sauri kafin su tashi. Tun da aka juya agogon nan, tsakaninmu da gida ya koma awa shida."

Bisa al'adata, na gyara mata ba tare da na ɗaga kai ba. "Biyar ne, uwargida."

"Shida ne, maigida. A Jos wa ya taɓa juya agogo? Ko ka ɗauka da ka mayar da na bangonka baya, rana ma ta bi umarninka?"

Sai na ɗaga kai. Jos ba ta juya agogo ba. Teku ma ba ta juya ba. Ƙarfe tara na GMT ta koma ƙarfe huɗu a nan tun ranar Lahadi. Kwana huɗu ke nan abokina yana kunna rediyo a kan lokaci, yana ƙona batirinsa yana kirana, ni kuma ina zuwa bayan awa ɗaya da naktaye ɗaure a wuya, ina ganin kaina mai cika alkawari.

"Lafiya? Ka ga fuskarka kuwa?" in ji matata.

Na ce, "Ni ne na ɓatar da shi."

Ta ajiye wayar, ta sanar da asibiti ba za ta zo ba. Na yi lissafi: kira biyar ko shida ya ce, huɗu sun tafi a banza. Daga tara zuwa huɗu awa bakwai ce, kuma ban taɓa ganin yini mai tsawon wannan ba. Na je gidan abokina na tsaya a bakin ƙofa na faɗa wa matarsa gaskiya. Ba ta zage ni ba, da ma ta zage ni. Ta ce kawai, "Ƙarfe huɗu ka ce?"

Huɗu saura kwata muka zauna mu uku. Matata tana addu'a a hankali. Huɗu ta buga, shiru. Minti ɗaya, minti biyu. A na uku sai ga wata murya siririya kamar daga ƙasan rijiya.

"Hedimasta... ina ka shiga?"

Matarsa ta yi ƙara, ta miƙo hannu za ta karɓi abin magana. Na riƙe shi gam. Har yau ina jin nauyin wannan, amma babu lokacin gaisuwa. Na ce, "Kada ka yi magana, saurara. Ja zuwa babbar ƙusa ta dama. Baƙa zuwa jikin ƙarfe. Rawaya sama, shuɗiya ƙasa." Na maimaita sau uku. Na ce ya maimaita mini. Ya ce, "Ja zuwa..." sai muryar ta yanke. Batirin ya ƙare.

Ban san ko ya ji sauran ukun ba. Haka muka wuni Juma'a. Da ƙarfe huɗu na'urar ta yi ƙara har matata ta zabura, muryarsa ta cika ɗakin garau.

"Janareta na aiki. Kwana huɗu, Hedimasta! A makarantarku bulala nawa ke nan?"

Na miƙa wa matarsa abin maganar, na fita waje, domin ban so su ga idona ba.

Na kira ɗan jaridar nan na ce ya rubuta cewa mutumin bai taɓa ɓacewa ba, ni ne na yi kuskuren lokaci, kuma na ba shi haƙuri kan yadda na yi masa magana. Ya ce labarin agogo ba ya sayar da jarida. Suka buga cewa an ga abin al'ajabi a teku. Na aika musu wasiƙar gyara har sau biyu, ba su buga ba.

Hausawa sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Na duba eriya, na duba waya, na zargi sama da teku, abu ɗaya ne ban duba ba, wato abin da na rubuta da hannuna, saboda rubutun ya yi kyau. Ban daina son aiki daidai ba, kuma ba zan ba matasa shawarar su daina ba. Sai dai tun daga lokacin, in wani ya tambaye ni ko kuskuren nawa ne, nakan koma in duba kafin in cire tabarau.

Abokina ya isa wata tashar jiragen ruwa a Afirka ta Kudu bayan kwana tara, ya gyara jirginsa ya ci gaba. Ya kammala gasar a watan Mayu, shi ne na biyun ƙarshe.