Zanen da Na Kwance a Kwazazzabo

Ban taɓa mantawa da ranar da muka ƙirga ɗalibai a bakin kwazazzabo muka tarar babu ɗaya ba. Ku da kuka kama aiki kwanan nan kuna yi mini dariya idan kun ga ina cusa zannuwa da audugar mata a jaka kafin a fita da yara, har wata cikinku ta ce ko kasuwa zan ci. To, ga dalilin.

A lokacin ina koyar da kiwon lafiya da motsa jiki a wata sakandaren jeka-ka-dawo a Tudun Wada, cikin garin Sakkwato. Ƙa'ida ce duk shekara a fita da 'yan ajin ƙarshe masu karatun labarin ƙasa, su ga da idonsu abin da suke haddacewa a allo. Shugabar makaranta za ta nemi izinin ma'aikatar ilimi, kowane uba ya sa hannu, kuma dole a tafi da malama mace idan akwai 'yan mata. Ni ce macen da ba ta da goyo a shekarar, don haka aka dubi inda nake.

Jagoran tafiyar shi ne Malam Ɗanjuma, malamin labarin ƙasa, mutumin Filato, dogo, mai usur rataye a wuya. Ya zaɓi wani kwazazzabo can arewa da gari, inda ruwa ke zubowa daga kan dutse a ƙarshen damina. Sauran watanni babu komai a wurin sai yashi da ƙaya.

Uba ɗaya ne ya ƙi sa hannu, mahaifin wata yarinya da zan kira Balkisu, ko da yake ba sunanta ke nan ba. Majemi ne a Ƙofar Marke, unguwarmu. Yarinyar tana da ƙoƙari, ga shiru, sai na taka da ƙafata har gidan.

"Malama, ɗiyata mace ta. Mi za ta yi cikin daji?" in ji shi.

Na lallashe shi har ya gaji. Da ya karɓi biro ya ce, "Don ke na. Yadda kinka ɗauke ta, hakanan za ki maido min ita."

Watan Satumba ne. Motar makaranta ta ajiye mu inda hanya ta ƙare, muka saɓa jakunkunan goyo, samari suka ɗauki tantuna da tukwane, muka taka sauran da ƙafa. Ni da jikin nan nawa da gwiwar da ba ta son wasa, kullum ina can baya ina haki. Malam Ɗanjuma ya hana a kafa tanti a cikin kwazazzabon, duk da yashinsa mai laushi da inuwa. A tudu muka kwana, yara na ta gunaguni.

Da hantsi muka gangara ta 'yar hanya guda da ke kusa da mazubar ruwan. Wurin yana da kyau, ba zan ɓoye ba. Bango ja dama da hagu, ruwa fari na zubowa cikin wani ɗan tafki, daga nan ya bi yashi siriri ya sha kwana ya ɓace. Yaran da suka tashi da ruwan famfo da na 'yan garuwa suka rikice da ihu. Malam yana nuna musu yadda ruwa ya ci dutse, su kuwa hankalinsu na kan hoto.

Bayan azahar na ga ya daina magana. Ya dubi gabas, inda hadari ya yi baƙi can nesa, ya sunkuya ya ɗebi ruwan a tafin hannu. Ruwan da ke fari ɗazu ya fara ja, da 'yan ƙirare a ciki. A kanmu rana ce tas, ko ɗigo babu.

"Malama, an yi ruwa a sama," ya ce mini a hankali. "Yana zuwa nan. Mu fita yanzu."

Ya busa usur. Muka kora su sama suna ƙorafi. A tudu muka jera su, maza gefe mata gefe, na ƙirga nawa. Na sake ƙirgawa. Babu ɗaya.

"Ina Balkisu?"

"Tana nan tahe," wata ta ce, idonta a ƙasa.

Malam Ɗanjuma ya zo da sauri. "Tana zuwa daga ina? Wane gefe ta bi?"

'Yan matan nan duk suka sunkuyar da kai suna wasa da bakin hijabi. Ya daka musu tsawa, ya ce rai ake magana, amma ko tari babu wadda ta yi. Samari kuma sun matso suna miƙa wuya. Raina ya ɓaci ƙwarai, har na ɗaga hannu zan kai wa ta kusa mari, sai na lura da Rahila, aminiyar Balkisu, tana kuka ba sauti. Na finciko ta bayan tanti.

"Hwaɗa min, ni ɗai ta."

"Malama, ta sa na rantse," in ji ta. "Al'adarta ta taz zo mata ba shiri, siket ɗinta ya ɓaci. Ta bi ruwa ƙasa, bayan kwanar can, ta wanke shi, shi bushe. Ta ce in maza sunka ji, ba ta koma zuwa makaranta."

Duk 'yan matan sun sani. Babu dai wadda za ta iya furta shi a gaban malami namiji da samarin ajinsu.

Na ce wa Malam ta bi ƙasa, ban ƙara komai ba. Ya juya zai gangara, na riƙe hannun rigarsa. Na ce idan ta ji muryar namiji ƙara ɓuya za ta yi. Ya dube ni, ya dubi 'yan matan, na ga ya gane. Ya ce zai bi bakin tudun da samari da igiyoyin tanti, ni in yi sauri don Allah.

Ban san yadda na sauka ba. Ruwan da ɗazu bai rufe tafin ƙafa ba ya kai mini ƙwauri, ja jawur, yana turo ni daga baya. Akwai kuma wani gurnani can sama da ban taɓa jin irinsa ba. Ina tafe ina salati, fuskar majemin nan kawai nake gani. Na sha kwana na ƙwala kira.

"Balkisu! Ni ta, Malama! Babu namiji!"

Sai a kira na uku na ji 'yar murya daga bayan wani dutse. Tana tsugune a kan tudun yashin da ruwa ya kusa cinyewa, ta ja hijabi ta rufe gwiwoyi. Siket ɗin da ta shanya tuni ruwa ya tafi da shi.

"Ba ki ji usur ba?"

"Na jiya."

"Kin ga ruwanga?"

"Na gani, Malama. Samari na bisa."

Allah ya sa da wandon motsa jiki a ƙarƙashin zanena. Na kwance zanen na ɗaura mata, na ƙulle shi tamau. Muka juya, sai na ga komawa ba za ta yiwu ba, ruwan ya kai cinya kuma daga can yake zuwa. Na ja ta zuwa gindin bango inda saiwoyin wata bishiya suka leƙo, na yi ihu da duk ƙarfina.

Igiya ta faɗo kusa da mu, an yi mata ƙulli a baki. Na zura wa Balkisu a hammata na ce ta taka saiwoyin. Ta hau tana kuka, takalminta ɗaya ya faɗa ruwa. Lokacin da igiyar ta dawo kaina ruwa yana ƙuguna, wani reshe ya daki haƙarƙarina. Ina jin Malam yana cewa, "Ku ja! Kada wanda ya waiwayo!"

Da kaina ya leƙa tudu na ga abin da ya yi. Ya jera samarin nan sun saɓa igiya a kafaɗa, sun ba kwazazzabon baya, suna tafiya gaba suna ja. Shi kaɗai ne a bakin ramin, ya miƙo hannu, fuskarsa kuma a gefe. Babu yaro ko ɗaya da ya ga yadda Balkisu ta fito. Kafin su juyo 'yan mata sun kewaye ta.

Ina zaune ina amai lokacin da babban ruwan ya wuce, da kututturen itace a kansa. Dutsen da ta ɓuya a bayansa ya nutse gaba ɗaya.

Da muka dawo Sakkwato na faɗa wa shugabar makaranta komai a ofishinta, ƙofa a rufe. Na kai yarinyar Ƙofar Marke da kaina. Mahaifinta ya dubi ƙafarta ya ce, "Ina takalmin?" Na ce ruwa ya ci, sauran bayani yana wurin mahaifiyarta. Bayan sati uwar ta aiko mini da zanen a wanke, an turara shi. Ni da Malam Ɗanjuma kuwa har ya yi ritaya ba mu taɓa tayar da maganar ba.

Tun daga ranar, duk inda muka sauka da yara, kafin tanti, kafin wuta, sai na kewaye wa 'yan mata wuri da tamfol a kusa da idona. Kafin mu tashi kuma nakan tara su su kaɗai, in buɗe jakar in nuna musu abin da ke ciki, in faɗi sunan abin da bakina don su ji ana iya faɗarsa. A aikin nan an koya mana tsoron maciji da rana da ruwa, kuma duk gaskiya ne. Amma ku riƙe wannan: yarinyar nan ta ji usur, ta ga ruwa yana hawa, ta auna shi da idon samarin ajinsu, ta zaɓi ta zauna.